Amsa-Kuwwar Sarkin Ruwa

Tun kafin Ɗan Azumi ya kwance buhun daga bayan moto, wato babur, ya ji kiɗa yana girgiza ƙyauren zauren Sarkin Ruwa Hassan, gidan da ko rediyo ba a ɗaga wa murya. Ya waiwaya ya ga farar motar Faruk a gindin itacen bedi.

Shekara biyu ke nan yana neman Zahara'u, autar Sarkin Ruwa. Takardar difulomarsa ta aikin lantarki tana ƙasan akwati cikin leda, shi kuwa yana rumfar bakin tashar Madarunfa yana gyaran rediyo da waya. Mahaifinta bai taɓa ce masa a'a ba, bai kuma taɓa ce masa i ba. Wadda ta faɗi nata ƙarara ita ce Hajiya Ɗelu, yayar Sarkin Ruwa, wadda ta riƙe Zahara'u tun rasuwar mahaifiyarta. Ita Faruk take so, ɗan canjin kuɗi na garin Ɗan Issa, mai mota da agogon zinare.

Kwana goma da suka wuce Sarkin Ruwa ya kira shi gefe, ya miƙa masa kuɗi jika talatin da biyar a ƙulle cikin hankici.

“Ka samo mini abin magana,” ya ce da muryarsa da ta koma kamar raɗa. “Wanda ƙarfina ya kai, ba wanda za a ba ni ba.”

Bai faɗi dalili ba, amma duk garin ya sani. Kowace shekara idan ruwa ya ja baya aka zo buɗe su, wato kamun kifin gayya, Sarkin Ruwa ne ke shiga jirgi ya tsaya tsakiyar tabki, ya yi addu'a, ya faɗi dokoki, sannan ya ba masunta izini. Bara ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya. Samarin tsallake ba su ji shi ba, suka afka ruwa da komarsu yana tsaka da addu'a, hannayensa a sama. Tun ranar ba wanda ya sake ta da maganar a gabansa.

Sau uku Ɗan Azumi ya je Maradi saboda wannan aike. Ya ɗaga akwatuna ya ji nauyinsu, ya sa an kwance bayan wasu ya duba batirinsu, ya roƙi masu shago su fito da kaya fili a gwada, har wani ya ce masa idan aure ya zo nema ya faɗa. Abin da ya zaɓa shi ne a cikin buhun nan.

Ya yi sallama ya shiga, ya durƙusa ya gai da dattawan masunta huɗu da ke kan tabarma. A tsakiyar zauren wani baƙin akwati ne tsaye, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, da tayoyi da fitilu masu canza launi. Faruk ya rage kiɗan yana murmushi.

“Malam lantarki, sannu da hanya. Mi ka kawo mana?”

Ɗan Azumi ya zaro kayan ɗaya bayan ɗaya. Amsa-kuwwa mai siffar ƙaho, ruwan toka, fentinta ya ɗan goge. Ƙaramin ampili, wato akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi, bai fi bulo ba. Makirfo mai igiya. Batirin moto.

Hajiya Ɗelu, da ke tsaye a ƙofar cikin gida, ta riƙe haɓa.

“Hassan, tallar maganin basir za ka fara a kasuwar Gabi? Ai wannan mazurari ne.”

Dattawan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Faruk ya shafa kan akwatinsa.

“Baba, wannan wat dubu biyar ne, ga shi rubuce a kwali. Kyauta na kawo, ko dala ba na so. Mutum irinka bai kamata ya tsaya gaban jama'a da kayan masu talla ba.”

Da Ɗan Azumi ya yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma ya kwana uku yana tsara bayaninsa, kuma bai iya ganin kuskure ya bar shi ba.

“Baba, a yi mini haƙuri. Abin da aka rubuta a kwali ba shi ne a ciki ba. Na ga irinsa an buɗe, batirin bai fi sabulun wanki ba. Ƙarar da kuke ji yanzu bangon zaure ne ke mayar da ita. A fili babu bango, iska ce da ruwa. Shi an yi shi don gangar biki, mai dukan ƙirji. Ƙahon nan kuwa magana yake ɗauka ya jefa ta nesa. Kuma tun da muryar Baba ta yi rauni sosai, ba ta ko kai bakin zaure, dole sai abin da zai…”

Bai ƙarasa ba. Ya ga dattawan sun sunkuyar da kai gaba ɗaya. Ɗaya ya shiga karkaɗe hularsa da babu komai a kanta.

Sarkin Ruwa ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya dafa ƙasa ya miƙe.

“Na gode muku duka. A bar kayan nan.”

Ya shige gida. Hajiya Ɗelu ta matsa masa hanya, ta juyo ta dubi Ɗan Azumi daga hula har takalmi.

“Abin da aka koya maka a makarantar lakwal ke nan, mai takarda?”

*

Washegari da hantsi yana rumfa, ya kwance rediyon wani ya kasa tuna abin da ya lalace a ciki, sai ga Zahara'u da tsohuwar tocila a hannu. Ta ajiye ta a kan tebur ba tare da ta zauna ba. Idanunta sun kumbura.

“Gyara aka ce in kawo. Lafiyarta lau, kada ka wahalar da kanka.”

“Zahara'u, ki zauna.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Yaya Azumi, mi na yi maka?”

“Ni kuwa mi na faɗa wanda ba gaskiya ba?”

“Wa ya ce maka ƙarya ka yi? Shekara guda muna zaune da mutumin nan, idan ya kira ni ban ji ba sai in ce ina bayan gida ne. Gwaggo da duk faɗanta, matsowa take kusa da shi ta ce kunnenta ne ya tsufa. Abokansa da suka yi shekara arba'in tare a ruwa ba wanda ya taɓa furtawa. Kai ka zo rana ɗaya ka auna masa murya a gabansu kamar kana auna wutar lantarki.”

Hawaye suka zubo mata. Ta sa gefen mayafi ta share, wasu suka biyo.

Ɗan Azumi ya ajiye abin kwance noti da ƙarfi.

“To yaya ake so in yi? Idan na yi shiru ya ɗauki akwatin Faruk, ranar su a sake yi masa abin bara, sai a ce ina gani na ƙyale. Na yi magana, an ce ba ni da kunya. Shi wancan bai san bambancin waya ja da baƙa ba, kuɗi kawai ya zaro ya nuna mafi girma a shago, kuma shi ne ɗan albarka. Ni da na yi sawu uku cikin zafin rana, na ƙi shan ko ruwan leda da kuɗin Baba, ni ne mazurari.”

“Ba kai aka ce wa mazurari ba.”

“Duk ɗaya ne.”

Ta yi ɗan murmushi cikin kukan, ya ɓace nan da nan.

“Ka saurare ni, lokacina kaɗan ne. Gwaggo ta ce idan akwatin nan ya kai ranar su a gidanmu, Baba ya yi magana da shi gaban jama'a, to an karɓi kyautar Faruk ke nan a idon duniya. Bayan su da kwana biyu baffanninsa za su zo. Ta riga ta aika an sayo tabarmi sababbi.”

“Ke kuma kin ce mi?”

“Na ce ba na so. Ta ce ita ma ba ta so nata ba, ga shi ta je Makka sau biyu.” Ta ja numfashi. “Ba zan iya yi wa matar da ta goya ni rashin kunya ba, ka sani. Baba kaɗai ke iya tsayawa gabanta, shi ma sai yana da abin riƙewa. Jiya ka ƙwace masa.”

Wata mota ta tashi a tasha, hayaƙinta ya ratsa rumfar.

“Bai ci tuwo ba jiya,” ta ce a hankali. “Amma da na fito shara da safe na same shi a zaure shi kaɗai, ya ɗauki ƙahon naka yana leƙa cikinsa. Yana bakin tabki yanzu yana ɗinkin koma. Ka je ka ba shi haƙuri.”

“Zan yi masa bayani cewa…”

“Kada ka yi bayani. Don Allah, Yaya Azumi, sau ɗaya a rayuwarka. Ka durƙusa, ka ce ka yi kuskure, ka rufe bakinka. Idan ka ji bayani na taso maka, ka ciji harshe.”

Ta ɗauki tocilarta ta juya. Har ta yi taku uku ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

“Ƙahon nan, ka tabbata da shi?”

“Kamar yadda na tabbata da sunana.”

“Da haka ka faɗa jiya ka yi shiru.”

*

Ɗan Azumi ya sami Sarkin Ruwa a inuwar wata ƙirya, koma shimfiɗe a cinyarsa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

“Baba, na yi kuskure jiya. A yafe mini.”

Sarkin Ruwa bai ɗago ba. Ya ci gaba da ɗinki, ƙulli bayan ƙulli. Bayani ya taso wa Ɗan Azumi har wuya, da misalai da lissafin nisa, ya danne shi. Gwiwoyinsa suka fara zafi a kan tsakuwa. Sai da dattijon ya gama layi guda cur sannan ya ciji zaren.

“Ashe ka iya shiru,” ya ce. “Ka gaya wa yaron Ɗan Issa ya ɗauko nasa daga zaure ya kawo nan bayan la'asar. Kai ma ka kawo naka. Kifi ba a sayensa a zaure, murya ma haka.”

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Masunta suka taru a bakin ruwa, mata suka tsaya can baya kusa da lambunan zogale, Zahara'u a cikinsu. Iskar bazara tana kaɗa ruwan, tana tura shi gaɓa.

Akwatin Faruk ya fara ba da wahala tun daga mota. Tayoyinsa suka nutse a laka, sai da mutum uku suka ɗauke shi kamar mara lafiya. Aka gwada ɗora shi a jirgi, jirgin ya karkata har ya sha ruwa, aka yi maza aka sauke. Faruk ya dubi takalminsa da ya ɓaci ya ce ba komai, daga gaɓa ma ƙarar za ta kai har garin Safo.

“Sai a sa mutum a tsallake,” in ji wani dattijo. “Idan ya ji magana ya ɗaga mayafi. Zahara'u ta je, kunnen yara ya fi.”

“Zahara'u?” Hajiya Ɗelu ta ratso mutane. “Ai ko sauro ya yi kuka a cikin mazurarin nan cewa za ta yi ta ji. Ban yarda ba.”

“Gaskiyarki, Yaya,” Sarkin Ruwa ya ce. “Ke ki je.”

Ɗan Azumi ya buɗe baki zai ce ai ita ma tana da wanda take so, sai ya hango Zahara'u daga nesa tana girgiza masa kai. Ya ciji harshe har ya ji gishiri.

Aka zagaya da Hajiya Ɗelu a amalanke zuwa ɗaya gaɓar, inda samarin bara suka tsaya. Aka ajiye mata kujera. Daga nan ba a ganin komai nata sai jan mayafi.

Faruk ya kunna nasa, ya murɗa har ƙarshe. Akwatin ya yi wata ƙara mai tsinka kunne, tsuntsaye suka tashi daga ciyayi. Ya rage kaɗan ya miƙa makirfo. Sarkin Ruwa ya gyara tsayuwa ya yi magana da 'yar muryarsa.

“Yaya Ɗelu, shekara hamsin ina rufa miki asiri. Ke kika kwance jirgin mahaifinmu kika tafi tsinkar bado ya kife, aka zane ni a madadinki.”

Na kusa suka ji kalmomin cikin rugugi kamar ana magana a cikin randa, suka toshe baki. Kowa ya zuba ido tsallake. Jan mayafin ya tashi sama, yana kaɗawa da fara'a, dama da hagu. Faruk ya tafa hannu.

“Kun gani? Ta ji.”

Wani dattijo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

“Kawo naka,” Sarkin Ruwa ya ce.

Ɗan Azumi ya haɗa wayoyin a kan batir, ja a nasa, baƙi a nasa, ya sake dubawa sau biyu. Ya ɗaga ƙahon a kafaɗa, ya saita bakinsa daidai jan mayafin, ya ɗan karkata shi saboda iska. Dattijon ya maimaita maganarsa, kalma bayan kalma, bai ƙara ƙarfi ko kaɗan ba.

Muryar ta fita siririya, tsaf, ta bi saman ruwa. Ba ta daki ƙirjin kowa ba.

Mayafin bai motsa ba. Sai kujerar ta faɗi. Hajiya Ɗelu ta miƙe tsaye, ta yar da mayafin, ta tako har cikin ruwa zuwa idon sawu tana nuna su da yatsa, tana zazzaga faɗan da iska ba ta kawo ko kalma ɗaya daga ciki ba.

Dariya ta ɓarke a gaɓa, har da masu riƙe ciki. Sarkin Ruwa bai yi dariya ba. Ya dubi makirfon da ke hannunsa, ya shafa shi da babban yatsa, idanunsa sun kawo ruwa.

*

Ko da amalanke ya dawo da ita, faɗan bai huce ba.

“Ƙarya kake, Hassan, igiyar ce ta ruɓe. Kuma a gaban yara?”

“Ashe kin ji, Yaya.”

Sarkin Ruwa ya juya wajen Faruk.

“Ɗana, Allah ya saka da alheri. Ka mayar da kayanka, ya fi dacewa da gidan biki. Na riga na sayi nawa.”

Fuskar Faruk ta ɗaure, amma ya rusuna. Hajiya Ɗelu ta gyara ɗaurin zanenta.

“Mazurari ya ci, na ji. Amma mazurari ka saya, ba suruki ba. Yarinya ni na goya ta.”

Ɗan Azumi yana naɗe igiya, wani abu yana cin sa. Ya yi ƙoƙarin haɗiye shi ya kasa, domin idan bai faɗa ba aikin zai lalace.

“Baba, a gafarce ni, magana ɗaya. Ƙaho gaba ɗaya yake jefa murya. Ranar su jama'a za su kewaye tabkin. Sai an sami mutum a cikin jirgin, ya tuƙa, ya kuma riƙa juya shi gabas da yamma.”

Dattawan suka sake sunkuyar da kai kamar jiya. Ɗan Azumi ya runtse ido, ya tabbata ya sake ɓarowa.

Dattijon da ya karkaɗe hula jiya ya matso kusa da shi.

“Yaro, ba ka san abin da ka roƙa ba. A gidansu, ranar su ba mai shiga jirgin Sarkin Ruwa sai ɗansa ko mijin ɗiyarsa. Hassan kuwa mata Allah ya ba shi, mazan yayyen Zahara'u duk suna Najeriya. Shi ya sa yake shiga shi kaɗai.”

“To ai an gama,” Hajiya Ɗelu ta yi caraf. “Riƙon mazurari wani aiki ne? Faruk zai riƙe.”

Faruk ya fara kwance agogonsa.

“Na yi wasan ruwa a gulbi ina yaro, Baba. Tuƙi ba zai gagare ni ba.”

Sarkin Ruwa bai ce masa i ba, bai ce a'a ba. Ya sunkuya ya ɗauko filafilinsa daga cikin jirgi, wanda hannu ya goge har yana sheƙi.

“Wanda zai kai ni tsakiya ya tsayar da jirgi cikin iska, ya dawo da ni a bushe, shi zai shiga. Saura kwana shida.” Ya dubi Ɗan Azumi. “Kai fa, ka iya ruwa?”

A Madarunfa aka haife shi, amma tun yana ƙarami mahaifiyarsa ta hana shi zuwa tabki, shi kuma bai taɓa karya doka ba. Ruwan da ya wuce gwiwarsa bai taɓa shiga ba. Dalilai suka jeru a bakinsa, kowanne da hujjarsa. Ya hango Zahara'u ta fito daga cikin mata, ta tsaya ita kaɗai, hannunta biyu a ƙirji.

“Ban iya ba, Baba,” ya ce, ya rufe baki.

Hajiya Ɗelu ta saki dariya. Sarkin Ruwa ya miƙo masa filafilin, ba ga Faruk ba.

“Cire takalminka. Rana ba ta faɗi ba tukuna.”

Ɗan Azumi ya ajiye ƙahon a kan busasshiyar ƙasa, ya juya bakinsa ƙasa don kada yashi ya shiga. Ya naɗe ƙafar wando. Ya sa ƙafa ɗaya a jirgin, jirgin ya zame daga ƙarƙashinsa kamar mai rai, ya ji gaɓar gaba ɗaya ta ja numfashi.

Ya damƙe filafilin, ya ɗaga ɗaya ƙafar daga ƙasa.